Zango Na Biyu Na Silo: An Ja Labari, Amma Maganar Mai Riƙe Da Makunnin Sabis Ake Yi



Tun da aka gama haska zango na biyu na Silo ranar 17 ga Janairun 2025, hukunci iri biyu na fi ji a bakin waɗanda suka kalle shi a nan Birnin Kudu da Gwaram. Wasu sun ce an ja labari har ya gundure su. Wasu sun ce hoton ya yi duhu, mutum sai ya ƙura ido kafin ya gane wa ke magana. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, kuma zan zo kansu. Amma ni ra'ayina, zango na biyu ya fi na farko nauyi, kuma duk matashin da kasuwancinsa da karatunsa da zumuncinsa suka rataya a kan waya da layi da data, ya kamata ya daure ya kalle shi har ƙarshe, domin halin da yake ciki ake nuna masa.

Gargaɗi tun da wuri: zan fasa ƙwai. Idan ba ka gama kallo ba kuma ba ka son a faɗa maka yadda ta kaya, ajiye wannan rubutu sai ka gama.

Ga wanda bai san labarin ba

Silo shiri ne mai dogon zango na kamfanin Apple, wanda Graham Yost ya tsara daga littattafan wani marubucin Amurka mai suna Hugh Howey. Shi Howey ya fara sakin labarin ne da kansa a Amazon a 2011, ba tare da wani babban kamfanin ɗab'i ya tsaya masa ba. Zango na farko ya fara fita a watan Mayun 2023, na biyu kuma ranar 15 ga Nuwamban 2024, kowanne kashi goma.

Ma'anar sunan ita ce rumbu, irin wanda ake zuba gero da dawa a ƙauyukanmu. Sai dai wannan rumbun a cikin ƙasa aka haƙa shi, hawa 144 ne, kuma mutane dubu goma aka zuba a ciki. Babu lifta, matattakala ɗaya ce mai murɗewa daga sama har ƙasa. Manya suna sama, kanikawa masu kula da janareton da ke ba kowa wuta suna can ƙarshen ƙasa. Ba wanda ya san wa ya gina wurin ko me ya faru da duniya. Abin da suka sani kawai shi ne iskar waje guba ce, kuma suna ganin wajen ne ta wani babban allo da ke haɗe da kyamara guda ɗaya. Duk wanda ya furta cewa yana son fita, za a sa masa rigar kariya a fitar da shi, ya goge idon kyamarar, sannan ya faɗi ya mutu kowa yana kallo.

Jarumar ita ce Juliette, wadda Rebecca Ferguson ta fito a matsayinta, bakanikiya ce da aka ɗauko daga ƙasa aka naɗa shugabar 'yan sanda. Wanda take karo da shi Bernard ne, wato Tim Robbins, shugaban sashen kwamfuta da ake kira IT. Akwai kuma 'yan asalin Najeriya a ciki: David Oyelowo a zango na farko, da Chinaza Uche wanda ya fito a matsayin Billings. A ƙarshen zango na farko an fitar da Juliette, ta ƙi goge kyamarar, kuma ba ta mutu ba, saboda abokanta sun musanya lalataccen salatif ɗin da IT ke naɗe rigar da shi da mai kyau. Ta haye tudu ta ɓace wa ganin kowa.

Tambayar ta canja

Zango na farko tambaya ɗaya ya riƙe mu da ita: me ke waje? Shi ya sa ya yi zaƙi, kowane kashi kana jiran a buɗe maka wani abu. Da aka ba da amsa, wato waje dai mutuwa ce kuma akwai wasu rumbunan birjik a kewaye, sai waccan tambayar ta mutu. Da yawa daga cikin masu ƙorafi suna jiran a sake ba su irin wancan zaƙin ne, shi kuwa zango na biyu wata tambayar ya ɗauko: idan jama'a suka gano an daɗe ana yi musu ƙarya, me zai biyo baya, kuma wa ke da ikon hana su magana da juna?

An raba labarin gida biyu. Juliette ta shiga rumbun da ke maƙwabtaka da nasu, mai lamba 17, ta tarar da gawarwaki zube tun daga bakin ƙofa. Mutum ɗaya ta fara samu da rai, Solo, wanda Steve Zahn ya fito a matsayinsa, an kulle shi a ɗakin sirri na IT tun yana yaro. Shi ya ba ta labarin abin da ya hallaka mutanensu: an fitar da wani, ya ƙi goge kyamara, ya ɓace wa gani, sai jama'a suka ɗauka waje lafiya lau ne, suka yi tawaye, suka fasa ƙofa suka fita, suka mutu. Nan Juliette ta gane cewa abin da ta yi a nata rumbun, mai lamba 18, shi ne ainihin abin da ya kashe na 17. Dole ta koma ta ce musu kar su fito.

A can gida kuwa, Bernard yana aiki da wani littafin sirri na umarni da shugabannin IT kaɗai ke gani. Littafin ya koya masa idan tarzoma ta taso a ɗora laifin kan kanikawa. Ya kashe alƙaliya Meadows da guba a abinci, ya maƙala wa shugabannin kanikawa kisan. Ya katse rediyon sadarwa yadda na sama ba zai ji daga na ƙasa ba. Ba shi da bindigogi masu yawa, ba shi da ƙarfin jiki. Abin da yake da shi shi ne kyamarori a ɗakunan mutane, da rumbun bayanai, da makunnin sadarwa. Da su ya juya mutum dubu goma.

Bernard yana da hujja, kuma mun san irinta

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a mayar da Bernard mugu marar dalili ba. Ya ga gawarwakin rumbu na 17 da idonsa ta kyamarar da ke hular Juliette. Ya san jita-jita guda ɗaya ta isa ta kashe kowa. A lissafinsa, gara ya toshe bakin jama'a su rayu da ya bar su su yi magana su mutu.

Kuma kada mu yi kamar ba mu san illar jita-jita ba. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaye wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin gari ya waye har ƙauyuka an tashi ana dafa ruwa. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu saboda shan gishirin, wasu kuma aka kwantar da su a asibiti. A lokacin ma wayoyin zamani ba su kai yawan na yanzu ba.

To amma mun ga ɗaya ɓangaren ma. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya, bisa buƙatar gwamnatin jihar, don a karya lagon 'yan bindiga. Aka ce mako biyu ne, a wurare da yawa sai da ya kai watanni. Ƙananan hukumomi da dama a Katsina da Sakkwato da Kaduna su ma aka kashe musu. Dalilin da aka bayar ba na wasa ba ne, rayuka ake son karewa. Amma mai POS ya zauna, ɗan kasuwa ya kasa kiran abokin cinikinsa, wanda aka kai wa hari ya rasa hanyar neman ɗauki, kuma hare-haren ba su ƙare ba. A shekarar dai, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, matasa suka koyi amfani da VPN cikin kwana ɗaya.

Zango na biyu ya nuna wannan dalla-dalla. Da Bernard ya katse rediyo, magana ba ta tsaya ba. Ta koma bakin 'yan dako masu hawa da sauka, ta koma rubutu a bango, ta koma takardun da kanikawa suka harba sama ta tsakiyar matattakala. Kuma maganar da ke yawo ta ɓoye ta fi wadda ake faɗa a fili haɗari, saboda ba wanda zai iya tsayawa ya gyara ta. Bernard ya so kashe jita-jita, sai ya kashe hanyar da gaskiya za ta bi ta riske ta.

Akwai wani wuri da na tabbata duk ɗan Arewa zai yi murmushi. Kanikawa suka kashe wutar rumbun baki ɗaya, ko'ina ya yi duhu, sai ga sashen IT shi kaɗai fitilunsa na ci. Ashe suna da layin wuta na daban da ba wanda ya sani. Makonni kaɗan kafin a fara haska wannan zangon, a ƙarshen Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda babu wuta saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Wanda ya yi layin caji a shago a kwanakin nan ya san yadda ake ji idan ka hango gidan da fitila ke ci kai kana cikin duhu.

Ranar da maƙaryaci ya faɗi gaskiya

Ga inda labarin ya fi ciwo. A kan babbar maganar, Bernard gaskiya yake faɗa. Waje guba ne, wanda ya fita zai mutu. 'Yan tawayen da muke goyon baya, waɗanda aka zalunta, su ne suke kan kuskure, kuma da sun yi nasarar buɗe ƙofa da sun kashe kansu da 'ya'yansu. Amma me zai sa su yarda da shi? Mutumin da ya yi musu ƙarya kan salatif, kan mutuwar alƙaliya, kan kyamarorin da ke bayan madubin ɗakunansu, yau ya zo ya ce ku yarda da ni kar ku fita?

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano. A tsakanin nan, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin an gurɓata allurar, ba a ci gaba ba sai a 2004. Allurar lafiyarta ƙalau, amma yardar ce ta riga ta zube, kuma abin da ya faru a 1996 yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe, yara suka shanye. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar an raba Najeriya da ainihin ƙwayar cutar.

A Silo, abin da ya tsayar da mutane a bakin ƙofa a kashi na ƙarshe shi ne Juliette da ta dawo, ta goge kyamarar, ta ɗaga rubutu tana gaya musu waje ba lafiya, kar su fito. Magana ɗaya ce da ta Bernard, ba ƙari ba ragi. Bambancin shi ne ita ta je ta gani, kuma ba ta taɓa cin amanarsu ba. Duk ƙarfin kyamarori da kwamfutocin IT bai iya sayo wannan ba.

Admin ɗin da ke da nasa admin

A aikin rubuta manhaja akwai abin da muke kira matakan izini. Mai amfani yana iya ganin abin da aka bar masa. Admin yana iya ƙara mutum, ya cire mutum, ya goge saƙo. A samansu duka akwai wanda ya mallaki kwamfutar da komai ke zaune a kai. Ka duba zauren WhatsApp: admin yana jin kansa sarki, yana korar wanda ya ga dama, amma ranar da kamfanin Meta ya rufe lambarsa, shi da wanda ya kora duk ɗaya suke.

Wannan shi ne abin da ya sami Bernard. Ya ɗauko wani matashi mai kaifin ƙwaƙwalwa, Lukas, ya sa shi warware wani rubutun sirri da wani tsohon shugaban IT mai suna Salvador Quinn ya bari. Lukas ya bi sawun rubutun har ƙarƙashin rumbun, ya iske wata ƙofa, wata murya ta na'ura ta yi masa magana. Ta gargaɗe shi kan wani tsari da aka gina tun farko: bututun guba da za a iya buɗewa daga wani wuri a kashe duk wanda ke cikin rumbun, kuma idan ya faɗa wa wani za a buɗe. Bernard da ya kashe mutane don ya kare rumbun, ya gano cewa makunnin gaske ba a hannunsa yake ba. Yadda Tim Robbins ya nuna mutumin nan yana rushewa a kashi na ƙarshe, shi kaɗai ya isa dalilin kallon zangon.

Yanzu ɗauki wayarka ka ƙirga makunnai nawa ne a kanta da ba a hannunka suke ba. Layinka: a ƙarshen Yulin 2024 mutane da yawa sun wayi gari an rufe musu layi kan batun haɗa shi da lambar NIN, aka yi cincirindo a ofisoshin kamfanonin sadarwa har NCC ta ce a buɗe. Intanet ɗin kansa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin da ke ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin banki suka riƙa ƙin buɗewa har a nan Jigawa, inda yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Wayar da aka saya bashi ana biya kaɗan-kaɗan: ranar da ka yi jinkirin biya, daga nesa za a kulle ta. Shafinka na Facebook ko TikTok da ka shekara biyar kana tara mabiya: na'ura ce za ta yanke hukuncin rufe shi, kuma ba ofishin da za ka je a Dutse ko Kano ka kai ƙara.

Ba ina cewa waɗannan kamfanoni suna shirin hallaka mu ba ne, kuma ba na son a ɗauki wannan rubutu a ƙara wa masu cewa komai makirci ne ƙarfi. Yawancin makunnan nan suna da dalilin da aka sa su. Abin da nake cewa shi ne ka san suna nan, ka san wa ke riƙe da kowanne, ka kuma tsara rayuwarka da sanin cewa wata rana za a iya dannawa. A fim ɗin ma abin da ya ba da fata shi ne iyayen Solo sun gano inda bututun gubar yake da yadda za a toshe shi. Sanin yadda abu ke aiki ne ya cece su daga wancan makunnin.

Tarihin da aka goge

Wani abu da zango na biyu ya bayyana shi ne dalilin da ya sa mutanen rumbun ba su san komai game da baya ba. An koya musu cewa 'yan tawaye ne suka ƙona littattafai suka goge kwamfutoci shekara 140 da suka wuce. Ashe shi Quinn ne ya yi da gangan, har da zuba maganin mantuwa a ruwan sha, don ya ga tuna baya ne ke jawo tawaye. Ainihin ɗakin karatun yana nan a ɗakin sirri na IT, mutum ɗaya ko biyu kaɗai ke shiga. Mallakar kayan da, ko ɗan ƙaramin abin wasan yara ne, laifi ne babba.

Mu ba wanda ya zuba mana magani a ruwa, amma wajen 2009 an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, sai bayan sama da shekara goma aka dawo da shi. Yawancin masu karanta wannan a wancan tsakanin muka yi makaranta. A nan Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda suna cikin wuraren tarihi na ƙasa da gwamnatin tarayya ke karewa. Matasa nawa ne a garin suka taɓa zuwa suka gani? Mu nawa ne za mu iya faɗin yadda aka kafa unguwarmu, ko sunan kakan kakanmu?

Abin da muke tarawa yau ma a rumbun wasu yake. Hotunan biki, muryar kaka da aka naɗa, karatun malamai, duk suna WhatsApp da Facebook, ko a waya ɗaya tak da za ta iya faɗawa ruwa gobe. Wanda ya zana shanun nan a dutse ya fi mu dabarar ajiya.

Inda masu ƙorafi suka yi gaskiya

Batun jan labari gaskiya ne, musamman ɓangaren Juliette. Kashi na farko, inda take ita kaɗai tana haɗa gada da igiya da ƙarafa kusan ba magana, yana cikin mafi kyau a shirin gaba ɗaya, domin an nuna mutum yana warware matsala da hannunsa da tunaninsa. Amma daga nan sai aka riƙa maimaita abu ɗaya: tana neman rigar kariya, wani cikas ya taso, ta nutsa ruwa, ta ji ciwo, ta farfaɗo, wani cikas ya sake tasowa. Yaran da suka rayu a rumbu na 17 an makara wajen fito da su, ba mu sami lokacin sanin su ba. A ganina kashi bakwai ko takwas sun isa wannan labarin. Mu da muka saba da su Labarina da Kwana Casa'in mun san ɗanɗanon shirin da aka ƙara wa ruwa, kuma kuɗin Apple bai hana a ji shi a nan ba. Raba jarumar da sauran 'yan wasan har kusan ƙarshe shi ma ya rage wa zangon armashi.

Batun duhu kuwa laifin biyu ne. Masu shirin sun ɗauke shi ne don manyan talabijin masu nuna bambanci tsakanin baƙi da baƙi-ƙirin, kuma rumbu na 17 babu wuta a cikinsa, don haka kusan rabin zangon a duhu yake. Sai kuma yadda yake isowa gare mu. Yawancinmu a wajen masu tura fina-finai ake karɓa, ko aboki ya tura ta Xender, kuma fayil ɗin an matse shi don ya yi ƙarami. Manhajar da ke matse bidiyo tana zubar da bayanan da take ganin ido ba zai lura da su ba, kuma wurare masu duhu ne suka fi shan wahala, shi ya sa kake ganin baƙin ya zama dabbare-dabbare kamar an shafa laka. Ƙari a kan haka, yawancin ƙananan wayoyin Tecno da Infinix da itel allon LCD gare su, mai fitila a baya da ke ci koyaushe, don haka baƙi yakan koma toka-toka. Allon AMOLED shi yana kashe ɗigon da ya kamata ya zama baƙi ne gaba ɗaya, shi ya sa hoton ya fi fita.

Idan za ka kalla a waya, nemi aƙalla mai ingancin 720p, ka kalla da dare ko a ɗaki mai duhu, ka kashe tsarin da ke daidaita haske da kansa ka ƙara da hannunka, ka kuma kashe tsarin kare ido mai sa allo ya yi rawaya. Ka kunna rubutun ƙasa, domin ana yawan magana ƙasa-ƙasa. Wannan kaɗai zai rage rabin ƙorafin.

Hukuncina

Zango na farko ya fi daɗin kallo. Zango na biyu ya fi barin mutum da abin tunani, kuma kashi uku na ƙarshe sun biya haƙurin da aka yi. Rufewar da aka yi da komawa birnin Washington kafin a gina rumbunan, inda wani ɗan majalisa ke hira da wata 'yar jarida, ta nuna inda aka dosa, kuma tun a Disamban 2024 Apple ya sanar cewa za a yi zango na uku da na huɗu a rufe labarin.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka bai wuce abin da zai iya yi a makon nan ba. Rubuta lambobin mutum goma mafi muhimmanci a takarda. Kwafe hotunanka da takardunka a wuri biyu, ɗaya a intanet ɗaya a katin ajiya ko filashi. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel. Idan kana kasuwanci a shafi ɗaya, tara lambobin abokan cinikinka a wajen shafin. Kafin ka tura saƙon da ya tayar maka da hankali, tambayi kanka wa ya gani da idonsa. Ka zauna da wani dattijo a gidanku ka naɗi labarin garinku, in kana da hali ka rubuta shi a Wikipedia ta Hausa.

Sannan ka koyi yadda abin da ke hannunka yake aiki, ko gyaran waya ne, ko haɗa sola, ko rubuta manhaja. A cikin mutum dubu goma na rumbun nan, waɗanda suka iya yin wani abu ranar da komai ya tsaya su ne masu sanin inda waya ta bi da inda bututu ya nufa. Kasuwar Sara da tashar Birnin Kudu cike suke da matasa masu irin wannan kai, abin da ya rage shi ne su ɗauki sana'ar da muhimmancin da take da shi.

Wanda ya kalla kuma yake ganin Bernard ne ke da gaskiya, ko yake ganin jan labarin ya ɓata komai, ina son jin hujjarsa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.